Jan layi a kan sunan wanda ya biya: yadda ake sa Excel ya rina layi bisa abin da ke wani gurbi

Duk ƙarshen wata, kafin ranar taro, akwai mutum guda a kowace ƙungiya da barci ke yi wa wuya, shi ne ma'aji. Ko adashin matan unguwa ne a Maraɗi, ko ƙungiyar ƴan gari ɗaya da ke ci-rani a Abijan, Akara ko Kwatano, ko asusun tsofaffin ɗaliban wani lise a Damagaram, aikin iri ɗaya ne. Sai ya zauna ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, ya ware wanda ya zuba da wanda bai zuba ba.

A da, kaye da jan bik ne kayan aikin. Yau matasa da dama sun koma Excel ko Google Sheets, amma salon aikin bai canza ba. Ma'aji zai duba adadi da idonsa, ya ɗauko ja ya shafa wa sunan mai bashi, ya ɗauki hoton jadawalin ya tura a WhatsApp. Kwana biyu bayan haka mutumin ya aiko da kuɗinsa ta Nita ko Amana, ma'aji ya rubuta adadin, ya manta bai goge jan ba. Ranar taro sunan wanda ya biya na nan jajir a gaban kowa. Daga nan ake fara musu, wani lokaci har zumunci ya taɓu.

Manhajojin lissafi suna da wata dabara da aka yi musamman domin irin wannan matsala. Maimakon mutum ya shafa launi da hannu, sai ya kafa sharaɗi: in adadin da ke gurbi kaza bai kai na gurbi kaza ba, layin ya zama ja. Da zarar an rubuta kuɗin, jan ya ɓace da kansa. Koyonta bai wuce zama ɗaya ba, amma tana da tarkuna, kuma wanda ya faɗa cikinsu zai iya ɗora wa mai gaskiya bashin da bai ci ba.

Launi bisa sharaɗi

A Excel na Faransanci, wanda aka fi gani a ofisoshi da wuraren koyon kwamfuta na Nijar, sunan dabarar «Mise en forme conditionnelle». Wanda ke aiki da na Ingilishi, kamar ƴan ci-ranin Gana, Nijeriya ko Amurka, zai same ta da sunan «Conditional Formatting». Da Hausa ana iya cewa launi bisa sharaɗi, ko da yake ba launin gurbi kaɗai take canzawa ba, tana iya kaurara rubutu, ta canza launinsa, ko ta ja masa layi a tsakiya.

Jadawalin lissafi na kwamfuta ya girmi yawancin masu amfani da shi a yau. VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka ƙirƙira, ya fito a 1979. Excel na kamfanin Microsoft ya biyo baya a 1985, amma sai a Excel 97 aka shigar da launi bisa sharaɗi. Har zuwa Excel 2003, sharuɗɗa 3 kawai ake iya ɗora wa gurbi guda. Excel 2007 ya cire wannan iyaka, ya kuma ƙaro ƴan alamomi da sandunan launi. Google Sheets, wanda ya fito a 2006, da LibreOffice Calc na kyauta duk suna da dabarar.

Mafi yawan masu koyo suna tsayawa ne a mataki na farko, inda gurbi ke duba abin da ke cikinsa: in adadin ya gaza 10, ya zama ja. Amfanin wannan kaɗan ne, domin a rayuwar yau da kullum abin da ake son a gani da launi daban yake da abin da ake aunawa. Sunan mutum ake son ya fito fili, amma kuɗinsa ake aunawa. Sunan magani ake nema, amma ranar lalacewarsa ce ma'auni. Domin haka ne ake buƙatar sharaɗin da ke leƙa wani gurbin, kuma wannan sai da fomula.

Jadawalin ƙungiya mai mutum 60

A ɗauki misalin ƙungiya mai mambobi 60, kowa na zuba jika 10 a wata. A jadawali, layukan kwance suna da lamba, 1, 2, 3, layukan tsaye kuma, waɗanda za a iya kira ginshiƙai, suna da harafi, A, B, C. Inda layi da ginshiƙi suka haɗu shi ne gurbi, kuma sunansa harafin da lambar, misali C2.

Ma'aji ya tsara jadawalinsa haka: ginshiƙin A suna, B kuɗin da ya wajaba a kan mutum, C abin da ya biya, D ranar ƙarshe ta biya. Layi na 1 na kanun ginshiƙai ne, mambobi sun kama daga layi na 2 zuwa na 61.

Matakin farko shi ne zaɓen wurin da ake son launin ya bayyana. Sai a danna gurbin A2, a ja har zuwa D61. A Excel, a shafin «Accueil» ake samun «Mise en forme conditionnelle», daga nan a shiga «Nouvelle règle», a zaɓi na ƙarshe a jerin, wanda ke maganar amfani da fomula. A akwatin da ya buɗe sai a rubuta:

=$C2<$B2

Bayan haka a danna «Format», a zaɓi launin ja a «Remplissage», a tabbatar. A Google Sheets hanyar ta fi gajarta: «Format», sannan «Mise en forme conditionnelle», sai a gangara ƙasan jerin sharuɗɗa a zaɓi «La formule personnalisée est», a rubuta fomula ɗin nan. Manhajar Sheets ta wayar Android ma tana ba da damar yin haka, abin da ke da amfani ga wanda ba shi da kwamfuta.

Ma'anar fomular tambaya ce mai amsa i ko a'a: shin abin da ke C2 bai kai abin da ke B2 ba? In amsar i ce, manhajar ta shafa launi. In a'a ce, ta bar layin yadda yake. Duk da cewa layi na 2 kaɗai aka ambata, manhajar tana maimaita tambayar a kowane layi na wurin da aka zaɓa. A layi na 3 tana auna C3 da B3, a layi na 40 tana auna C40 da B40. Wanda ya biya 5000 a cikin 10000 zai fito ja tun daga sunansa har ranar biya. Ranar da aka mayar da 5000 ɗin 10000, layin ya koma fari ba tare da kowa ya taɓa launi ba.

Alamar dala da ba ta da alaƙa da kuɗi

Alamar $ da ke cikin fomular ita ce wurin da aka fi yin tuntuɓe. Ba ruwanta da dalar Amurka, balle dalar da ake ƙidaya sefa da ita a kasuwa. Aikinta kamar turke ne, duk abin da ta gabata ta ɗaure shi wuri guda. A $C2, harafin C na ɗaure, lambar 2 kuma a sake take, tana sauka tare da layi.

Abin da ke faruwa in an manta da ita yana da ban mamaki. A ce ma'aji ya rubuta =C2<B2 babu turke ko ɗaya. A ginshiƙin A komai zai tafi daidai. Amma da manhajar ta matsa dama, fomular ma sai ta matsa. A ginshiƙin C, tambayar ta koma: shin E2 bai kai D2 ba? E2 babu komai a cikinsa, manhajar na ɗaukarsa sifili. D2 kuwa kwanan wata ne, kuma a wurin Excel kwanan wata adadi ne da ake ƙirgawa daga 1 ga Janairun 1900, ta yadda 1 ga Janairun 2025 ya zama 45658. Sifili bai kai wannan ba, saboda haka ginshiƙin C gaba ɗaya zai yi ja, har da na waɗanda suka biya tun ranar farko.

In kuma an cika turaku, aka rubuta =$C$2<$B$2, to duka layukan 60 za su zuba wa mutum na farko ido. In shi bai biya ba, kowa ya zama mai bashi. In ya biya, babu wanda zai fito ja ko da rabin ƙungiyar ba su zuba ko dala ba. Excel kansa yana jefa mutane cikin wannan, domin in aka danna gurbi da linzami maimakon a rubuta sunansa, yana sa turaku biyu kai tsaye. Maɓallin F4 ne ke jujjuya su: kowace dannawa tana canza tsarin, har a kai ga wanda ake so.

Kuskure na uku ya fi sauran haɗari saboda ba ya nuna kansa. Ma'aji ya zaɓi jadawalin tun daga layi na 1, har da kanu, amma fomularsa ta fara da layi na 2. Tun daga nan kowane layi yana ɗaukar launin na ƙasa da shi. In mutumin layi na 6 ne bai biya ba, na layi na 5 ne zai yi ja. Jadawalin zai yi kyau a ido, adadin jajayen layuka ma zai yi daidai, amma sunayen na wasu ne. Ƙa'idar ita ce lambar da ke cikin fomula ta dace da layin farko na wurin da aka zaɓa. In zaɓin ya fara daga layi na 2, fomula ta ce 2. In daga na 5 ya fara, ta ce 5.

Akwai hanyar gwaji mai sauƙi kafin a sa launi. A rubuta fomular a wani ginshiƙi da babu komai, a layi na 2, a ja ta ƙasa. Manhajar za ta nuna VRAI ko FAUX a gaban kowane suna. In amsoshin sun dace da abin da ke cikin kaye, sai a kwafe fomular a kai ta akwatin sharaɗi.

Wanda ya makara da wanda lokacinsa bai yi ba

Rashin biya iri biyu ne. Akwai wanda ranarsa ta wuce, akwai wanda har yanzu yana da sauran kwanaki. Haɗa su a launi ɗaya rashin adalci ne. Ana raba su da sharaɗi mai ƙafa biyu:

=ET($C2<$B2;$D2<AUJOURDHUI())

Kalmar ET tana nufin sai duka biyun sun tabbata: kuɗin bai cika ba, kuma ranar ƙarshe ta wuce. AUJOURDHUI() tana ɗauko kwanan watan yau daga na'urar, kuma tana sabuntawa duk lokacin da aka buɗe jadawalin. Ana iya ba wannan ja. Wanda bai cika ba amma ranarsa ba ta wuce ba sai a ba shi ruwan ɗorawa da =ET($C2<$B2;$D2>=AUJOURDHUI()), wanda ya cika kuma tsanwa da =$C2>=$B2.

A nan ne bambancin harshe ke shigowa, kuma ya shafi ƙungiyoyin da ma'ajinsu ke Yamai, mataimakinsa kuma yana Kumasi ko Niyok. A Excel na Ingilishi fomular ita ce =AND($C2<$B2,$D2<TODAY()). Sunayen sun canza, sannan waƙafi ne ke raba sassan, inda tsarin Faransanci ke amfani da waƙafi mai ruwa. Dalili shi ne a Faransanci waƙafi yana da wani aikin, shi ke raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa, kamar 9,5. In an tura fayil ɗin kansa babu damuwa, Excel yana fassara sunayen da kansa a wurin wanda ya buɗe. Matsalar tana zuwa ne in an kwafo fomula daga saƙon waya ko bidiyon koyarwa na YouTube aka rubuta ta da hannu. Sau da yawa in manhaja ta ƙi karɓar fomula, wannan ne dalili.

Guraben da babu komai su ma suna da nasu sharrin. Ma'aji mai hangen nesa zai so sharaɗin ya kai layi na 200 saboda sababbin mambobi. Amma a layin da babu kowa, sifili daidai yake da sifili, don haka duk layukan za su yi tsanwa. Maganin shi ne a ƙara sharaɗin cewa sai akwai suna: =ET($A2<>"";$C2>=$B2). Alamar <> tana nufin ba daidai ba, alamun zance biyu da ke manne kuma suna nufin babu komai.

Kanti, farmasi da makaranta

Dabarar ba ta tsaya ga kuɗin ƙungiya ba. Mai kantin kayan masarufi a Kasuwar Dole ta Damagaram zai iya rubuta adadin katan ɗin da ya rage a ginshiƙin B, mafi ƙarancin abin da yake son ya kasance a ajiye a ginshiƙin C, ya kafa =$B2<=$C2. Duk kayan da suka kusa ƙarewa za su fito da launi kafin mai saye ya zo a ce masa babu. Dillalin albasar Galmi da ke ba da kaya bashi zuwa Abijan ko Akara zai iya amfani da tsarin ƙungiyar nan ba tare da canza komai ba sai kanu.

A farmasi ko ɗakin ajiyar magani na likita, ranar lalacewa ce abin dubawa. In tana ginshiƙin E, fomular =$E2<AUJOURDHUI() za ta nuna wanda ya riga ya lalace, =$E2<=AUJOURDHUI()+90 kuma wanda ya rage masa kwana 90 ko ƙasa da haka. Sai dai maganin da ya lalace ya cika sharuɗɗan biyu a lokaci guda. In sharuɗɗa biyu suka yi karo a kan launin gurbi, wanda ke sama a jerin ne ke rinjaye. Excel yana ɗora sabon sharaɗi a saman tsofaffi, saboda haka wanda ya fara kafa ja sannan ya kafa ruwan ɗorawa zai ga lalataccen magani da launin wanda ke da sauran lokaci. A «Gérer les règles» ake gyara jerin, a mayar da ja sama.

A makaranta, inda ake ba da maki a kan 20 kuma 10 ce matsakaiciyar cin nasara, malami zai iya rubuta =$F2<10. Amma ya fi kyau ya ware gurbi guda, misali H1, ya rubuta 10 a ciki, fomular ta zama =$F2<$H$1. Wannan ne wurin da turaku biyu ke da amfani, domin kowane layi gurbin nan guda ake son ya duba. In malamin yana son ganin ɗaliban da ke ƙasa da 8 domin ya ƙara musu darasi kafin jarrabawar BEPC, sai ya canza adadin H1 kawai, launin ya bi.

Ma'ajin da ke karɓar kuɗi daga ƙasashe daban-daban zai amfana da wata fomular. In yana rubuta lambar rasiɗin kowane aike a ginshiƙin E, =NB.SI($E$2:$E$61;$E2)>1 za ta rina duk lambar da ta bayyana fiye da sau ɗaya, alamar an rubuta aike guda sau biyu. Sunan NB.SI a Ingilishi COUNTIF. Da ita kuma ake gwada jeri biyu, a gano sunan da ke wannan shafi amma babu shi a wancan. Excel tun daga na 2010 yana barin sharaɗi ya leƙa wani shafi kai tsaye, Google Sheets kuwa sai an bi ta INDIRECT.

Inda launi ke yin ƙarya

Manhaja ba ta san abin da mutum ke nufi ba, abin da ya rubuta ta sani. In ma'aji ya rubuta «5000F» ko «5000 cfa» a gurbin biya, a wurin Excel wannan rubutu ne, ba adadi ba. Kuma a ƙa'idar Excel, in aka auna rubutu da adadi, rubutu ne babba ko da yaushe. Ke nan wanda ya biya rabin kuɗi ba zai fito ja ba, tsanwa ma zai fito, kamar ya cika. Ana gane wannan da ido: adadi yana jingina dama a cikin gurbi, rubutu yana jingina hagu, muddin ba a canza tsarin da hannu ba. Ana kuma iya kafa sharaɗin tsaro a ginshiƙin kuɗi, =ESTTEXTE($C2), da wani launi na daban kamar shuɗi, domin ya tona duk adadin da ya shiga a matsayin rubutu.

Kwanan wata ma haka. In an rubuta shi ta hanyar da manhajar ba ta gane ba, zai zauna a matsayin rubutu, kuma ranar ba za ta taɓa wucewa ba a lissafinta. Sannan 03/04 a na'ura mai tsarin Faransanci 3 ga Afrilu ne, a mai tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris. In mutum biyu suna shigar da bayanai daga ƙasashe biyu, ya kamata a tsara ginshiƙin ya riƙa nuna sunan wata da haruffa, ta yadda kuskure zai fito nan take.

Wasu sun fi son rubuta kalma maimakon adadi, su kafa =$E2="ya biya". Babban harafi ko ƙarami ba ya hana wannan aiki, amma «yabiya» a haɗe, ko tazara guda da ta saura a ƙarshen kalma, ko «paye» a madadin «payé», duk suna karya sharaɗin. Haka k da ƙ, d da ɗ, haruffa ne mabambanta a wurin na'ura. Mafita ita ce a kafa jerin zaɓi ta «Validation des données», kowa ya zaɓa daga ciki maimakon ya rubuta.

Sai maganar iyaka. Sharaɗin da aka kafa daga layi na 2 zuwa na 61 ba lallai ne ya kai ga mamba na 61 da aka ƙara a layi na 62 ba. Layinsa zai iya zama fari ko ya biya ko bai biya ba, kuma fari a idon mai karatu yana nufin babu matsala. Irin wannan kuskure bai bar manyan masana ba. A 2010 masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun fitar da wani bincike a kan bashin ƙasashe da bunƙasar arziki, wanda ƴan siyasa da dama suka kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi a jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya samu jadawalinsu na Excel ya duba. Ɗaya daga cikin kurakuran da ya gano shi ne fomular matsakaicin adadi ba ta kai ƙarshen jerin ba, ta bar ƙasashe 5 daga cikin 20 a waje. Ba launi ne ya yaudare su ba, amma tushen ɗaya ne, wato zaɓin da ya tsaya kafin bayanai su ƙare. Saboda haka duk lokacin da aka ƙara layuka, ko aka kwafo wasu daga wani wuri aka manna, yana da kyau a buɗe «Gérer les règles» a duba iyakar kowane sharaɗi. Kwafa da mannawa sukan yayyanka sharaɗi guda ya zama gutsattsari masu yawa.

Wani abin lura kuma, launi ba ya shiga lissafi. Fomular tara kuɗi ba ta san ja ko tsanwa ba. Wanda ke son sanin yawan masu bashi ko jimillar abin da ya rage sai ya ƙara ginshiƙin ragowa, B a cire C, ya tara shi. Kuma in aka ajiye fayil a tsarin CSV, duk launuka da sharuɗɗan suna zubewa, adadi da rubutu kaɗai ke saura.

Bashi hanji ne

Tara kuɗi a ƙungiya tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma a jihar Maraɗi ne aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, wanda daga baya ya bazu ƙasashe da dama. Abin da ke riƙe irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne yarda da juna da kuma rufin asiri. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Jadawalin da ke rina sunaye da kansa yana sauƙaƙa wa ma'aji aiki, amma yana sauƙaƙa tonon silili ma.

Hoton jadawali da aka tura a WhatsApp ba ya sabuntawa. Mutum zai iya biya da yamma, amma hoton safe yana nan a wayoyin mutum 60, kuma kowa na iya tura shi gaba. Ga ɗan ci-ranin da aiki ya tsaya masa wata biyu a Aljeriya ko Libiya, ganin sunansa da ja a gaban ƴan garinsu ba ƙaramin abu ba ne. In bayanan na marasa lafiya ne ko makin ɗalibai, maganar ta wuce kunya, domin Nijar tana da dokar kare bayanan mutane. Abin da ya fi dacewa shi ne jadawali mai launi ya zauna a hannun ma'aji da masu binciken kuɗi, a tuntuɓi wanda ya makara shi kaɗai, a kawo wa taro jimilla. Inda ƙungiya ta amince kowa ya gani, Google Sheets yana ba da damar raba jadawalin da izinin karatu kawai, kowa ya ga halin da ake ciki a lokacin da ya buɗe, ba tare da ya iya canza komai ba.

Zaɓen launin ma yana son tunani. Akwai mutanen da idonsu ba ya bambanta ja da tsanwa sosai, kuma an fi samun haka a maza. Takardar da aka buga da baƙar tawada kaɗai ita ma tana mayar da launukan biyu toka-toka. Saboda haka yana da kyau a haɗa launi da wata alama, kamar kaurin rubutu, ko a ƙara ginshiƙi mai fomular =SI($C2<$B2;"saura";"ya cika") da zai faɗi matsayin mutum da kalma. Launi biyu ko uku sun isa. Jadawalin da ya yi kama da zanen atamfa ba ya nuna wa kowa inda matsala take.

Kafin a fara dogaro da sabon jadawali, ma'aji zai iya yi masa gwaji uku cikin minti biyar. Ya canza adadin mutum na farko ya ga ko layinsa ne ya canza launi, ya yi haka ga mutum na ƙarshe, sannan ya ƙara sunan gwaji a ƙasan jerin ya ga ko sharaɗin ya kai gare shi. A watan farko kuma ya ajiye kayensa kusa, ya gwada jajayen layuka da abin da ke rubuce da bik kafin ya kira kowa a waya.